Tafin Hannu a Cikin Rumbun Kaka

Wata Alhamis ce da azahar, a bazarar shekarar da aka sa ni firamare, Kaka ta ce a ɗebo mata hatsi. Rumbunta na laka ne, irin mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a can sama, wanda babba ba ya shiga sai dai a zura yaro. Yayana Bube shi ya saba shiga, to amma kafaɗunsa sun fara faɗi, sai aka ce yau Mani ne, wato ni. Na hau tsani ina ta rawar kai, ya ɗaura mini igiya a ƙugu ya zura ni. Hatsin ya yi ƙasa sosai, don haka na yi nisa kafin ƙafata ta taka zangarniya. Ina cikin cika kwando Bube ya ce bari ya ɗan taɓa ni, ya jawo murfin ya rufe bakin. Niyyarsa in yi ihu ya buɗe ya yi dariya. Sai ga jakinmu ya tsinke ya faɗa wa shanyar albasar maƙwabta, aka ƙwala wa Bube kira, ya dira daga tsani ya bi jaki, ya manta da ni sam.

Ban taɓa sanin akwai duhu irin wannan da rana tsaka ba. Ga zafi, ga ƙaiƙayi yana shiga wuya da hanci, ga wani abu ya bi ta kan ƙafata da gudu, har yau ban san ko ɓera ne ko tsaka ba. Na kira Bube, na kira Kaka, na kira babanmu, na daki bango har hannuna ya yi tsami, amma laka ta shanye muryar. Sai da Kaka ta gaji da jiran hatsi ta fito, ta ga igiya tana reto a jikin rumbu, sannan ta yi salati ta tara mutane. Aka fito da ni murya a dishe, wando a jiƙe. Bube ya sha bulalar da bai taɓa shan irinta ba, amma bulalarsa ba ta cire mini komai daga ƙirji ba.

Tun daga ranar na zama abin da na zama. Ɗaki in an ja ƙofa, ni na yi waje. In muna wasan ɓuya a dandali, yara na shiga cikin tsofaffin randuna da ƙarƙashin tarin kara, ni kuwa sai in raɓe bayan kuka, kullum ni ake fara kamawa. Ko riga ce ta maƙale mini a kai wajen sawa sai zuciyata ta hau bugu. A ƙauyenmu da ke kusa da Danchadi, cikin ƙasar Bodinga, ba a ɓoye irin wannan, nan da nan aka laƙa mini suna Na-rumbu. Kaka kuwa, da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, ba ta raga mini ko kaɗan. In ta gan ni tafe sai ta ce, "Ga wanga miji nau, wanda kaza ta hi shi zucciya." In yi fushi in ƙi karɓar furarta, in an jima yunwa ta mayar da ni.

Abin dariyar shi ne, duk duniya babu abin da nake so kamar rumbu. Daga waje fa. Akwai kududdufi a bayan makarantarmu inda ake haƙar ƙasar gini, in an tashi tara sai mu ruga can. Sauran yara shanu suke ginawa da laka, su kafa musu ƙaya a matsayin ƙaho, su haɗa su faɗa. Ni kuwa sai in jera 'yan duwatsu, in aza gindi, in riƙa murza laka ina naɗawa zagaye bayan zagaye har ciki ya buɗe ya koma ya tsuke. In yi masa 'yar jinka da ciyawa, in cika shi da yashi in ce hatsina ne. Ranar aikin hannu kowa tsintsiya ko igiya yake kai wa malam, ni ɗan rumbu nake ɗaukowa a kan faifai, ina tafiya sannu-sannu kada ya fashe. Ban san me ya sa ba. In dai yatsuna suna cikin laka, ba na jin yunwa, ba na jin ana kirana.

Wannan rashin jin kira shi ya yi ta haɗa ni da babanmu. Mu manoma ne, damina gero da dawa, rani kuwa albasa a fadama. A lokacin injin ban ruwa bai zo mana ba, da jigo ake jan ruwa daga rijiya. Bube yana kan jigo yana zubo ruwa, ni aikina in bi ruwan da 'yar fartanya, in buɗe wa wannan fangalin albasa, in ya sha in toshe in buɗe wa na gaba. Aikin da ko makaho zai iya. To amma lakar bakin hanyar ruwan nan laushi gare ta kamar man shanu, sai in durƙusa in ce bari in ɗan murza kaɗan. Kafin in ɗago, fangali ɗaya ya zama tafki, dashen albasa yana iyo, na gaba kuma ya bushe ƙamas. Babanmu mutum ne marar yawan magana, amma tsumagiyarsa tana da baki. Sau tari da sawunta a bayana nake komawa gida.

Ina aji biyar aka yi wata damina mai ruwa, tsohon rumbun Kaka ya tsage tun daga wuya har gindi. Wallahi ban yi masa kuka ba. Bayan girbi babanmu ya aika can wajen Kajiji, a ƙasar Shagari, aka kira wani tsohon magini da ake ce wa Baba Tunau. Na ɗauka zan ga ƙato da kayan aiki niƙi-niƙi. Sai ga ɗan siririn tsoho a kan jaki, ba shi da komai sai igiya da 'yar sakaina a aljihu. Ya sa aka kawo ƙasa a mangala, aka zuba mata ramno, wato busasshiyar ciyawar da ake karyawa a cuɗa da laka, aka yi ta takawa ana barinta tana kwana har ta fara wari. Sannan ya jera duwatsu, ya aza itace, ya shafe gindi, ya shiga tsakiya ya fara naɗa bango yana juyawa a hankali. Bangon nan bai fi kaurin tafin hannu ba. In ya ɗan tashe shi sai ya wanke hannu ya koma inuwa, ko da rana ba ta yi ko'ina ba. In an yi masa ƙorafi sai ya ce, "Laka ba ta son gaggawa. Wanda duk ya matsa mata, ita ka zaunar da shi."

Ni dai na tare a wurin. Daga makaranta ko fura ba na tsayawa sha, sai gindin rumbu. Da farko kallo nake yi, daga baya na fara miƙa masa curin laka, har ya zama in wani ya miƙa sai ya mayar ya ce a bar yaron nan ya cura. Wata rana ya ga ɗaya daga cikin 'yan rumbunana a bayan ɗakin Kaka. Ya ɗauka ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara a kunne, ya mayar da shi inda yake. Da la'asar sai na ji shi yana ce wa babanmu a ba shi ni, in riƙa bin sa lokacin hutu, in na gama firamare kuma in zauna hannunsa duk rani. 'Ya'yansa sun tafi birni, ba mai son laka a cikinsu. Ina raɓe a bayan zana, zuciyata kamar ta faɗo ƙasa don murna.

Babanmu ya ce a'a. Ya ce mu manoma ne kaka da kakanni, gini yana da masu shi, kuma rani shi ne lokacin da albasa ta fi bukatar hannu, in na tafi wa zai bi ruwa? Gaskiya ya faɗa, ban da ni da Bube ba shi da kowa. Baba Tunau ya yi ta lallashi, Kaka ta sa baki daga cikin ɗaki. Can babanmu ya gaji ya ce, "Yaron da ba shi iya shiga rumbu shi ɗebo hatsi, shi ka son gina rumbu? To, ga shi ga wanga. In ya shiga ya yi aikin ciki har ya ƙare, na ba ka shi. In ya kasa, kada in ƙara jin zancen laka gidan ga." Ya faɗi haka ne don ya tabbata ba zan iya ba. Ni ma na tabbata.

Aikin ciki kuwa ba makawa yaro ke yin sa. In ciki ya fara tsukewa, magini fita yake yi ya ƙarasa wuya daga waje a kan tsani. In ginin ya sha iska sai a zura yaro ya bi duk wata tsaga ya liƙe ta daga ciki, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle gara da ruwan sama. Kullum ina kallon bakin nan yana ƙara tsukewa. Abin da nake so ya kusa kammala, kuma kammalarsa ita ce ranar da nake gudu. Tuwo ya daina shiga. Har na fara shirya abin da zan ce, ciwon ciki ko ciwon kai. Kaka ce ta gane. Ta kira ni ɗakinta, ta bar ƙofa a buɗe saboda ni, karo na farko ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Mani, duhu bai taɓa cin kowa ba. Amma in ka bari Tunau ya hau jakinai ya tahi ba da kai ba, abin ga shina cin ka har tsuhwa." Kuka kawai na yi.

Ranar da za a yi aikin, Baba Tunau ya ce a jira sai rana ta take sosai. Ban fahimci dalili ba. Bube ne ya ce shi zai riƙe igiya, ya ɗaura mini ita bai yarda mun haɗa ido ba. Babanmu yana zaune can gefe yana gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta. Aka zura guntun tsani, aka zura ni, aka biyo ni da ƙwaryar laka. Cikin da sanyi, ga ƙanshin ɗanyar ƙasa, ga haske yana sauka daga baki. Na ce a raina ashe abin bai kai yadda nake tsoro ba. Na duba bango, ban ga tsaga ko ɗaya ba. Na ɗaga murya na ce wa Baba Tunau ai lafiya lau yake. Sai na ji tsohon ya ce daga sama, "Ba a ganin ɓarakar rumbu da baki buɗe, ɗana. Sai an ruhe." A nan na gane abin da babanmu ya sani tun farko, ni ban sani ba.

Wayyo Allah! Na kama igiya da hannu biyu, bakina ya buɗe zan ce a fitar da ni. Na san ko ja ɗaya na yi, Bube zai fizge ni sama kafin in ƙifta ido, kuma shi ke nan, ni da laka sai dai kallo. Baba Tunau bai taɓa murfin ba. Cewa ya yi, "Ba ni ruhewa sai kai da bakinka ka ce a ruhe. Rana na nan, ba mu sauri." Ya yi shiru, gidan duka ya yi shiru, har ina jin kaji suna tono a gindin rumbu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dubi bangon nan, na ga sawun yatsun tsohon zagaye bayan zagaye, na tuna da yawa daga cikin curin nan ni na cura su. Na saki igiya na tsoma hannu a cikin ƙwarya. Da na ji laka a tsakanin yatsuna sai numfashina ya ɗan dawo. Na ce a rufe. Ba su ji ba, sai da na sake faɗa.

Aka aza faifai aka lulluɓe da tsumma. Duhun nan na bazara ya dawo mini gaba ɗaya, har ƙaiƙayin da babu shi sai da na ji a wuya. Na runtse ido ina karanto duk abin da na haddace a makarantar allo, daidai da ba daidai ba. Da na buɗe sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Ashe ba duhu ne zalla ba. Ta ko'ina a jikin bangon rana tana shigowa sirara-sirara, kamar an huda shi da allura, wani a nan, wani a can, wani dogo kamar zare. Daga waje na ji Baba Tunau yana ƙwanƙwasa bango yana cewa, "Duk inda kag ga haske, nan ruwa za ya biyo. Bi shi ka kashe." Na ɗebi laka na liƙe na farko, ya mutu. Na liƙe na biyu. Sai a lokacin na lura da muguntar aikin: duk wanda na liƙe, duhu ƙaruwa yake yi, kuma da hannuna nake ƙara shi. Ina kuka ina liƙewa, majina har baki, tsohon yana zagayawa yana ƙwanƙwasa mini don in san yana nan.

Har ya rage saura ɗaya, a can kafaɗar rumbun, sai da na hau guntun tsanin. Wata 'yar huda ce da ba ta kai ƙwayar gero ba. Na daɗe ina kallonta. Shaiɗan ya ce mini bar ta mana, wa zai sani? Amma na san ruwa zai sani, kuma hatsin Kaka ne zai ruɓe. Na cika tafina da laka na danna a wurin da dukkan ƙarfina, na bar hannun a kai don in na ɗauke faɗuwa zan yi. Duhu ya rufe ruf. Na tsaya a ciki, ni da bugun zuciyata, na ga ban mutu ba. Sannan na ce a buɗe.

Da aka fito da ni zama na yi a ƙasa. Kaka ta rangaɗa guɗa sai ka ce an kawo amarya, tana cewa a ba ta hanya ta ga mijinta. Baba Tunau ya leƙa ciki, ya ga sawun tafina a kafaɗar rumbu ban shafe shi da sakaina ba. Na ce a mayar da ni in gyara, ya ce a bar shi haka nan. Babanmu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya daɗe yana duban rumbun, ya ce magana ɗaya ce, ya riga ya faɗa. Sai dai ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, wa zai bi masa ruwa. Bube ya ce shi zai ja jigo ya kuma bi ruwa. Haka kuwa ya yi rani bayan rani, bai taɓa yi mini gori ba.

Na bi Baba Tunau shekaru, ƙauyukan Shagari lungu-lungu, shi a kan jaki ni a ƙasa da igiya a kafaɗa. Mun kwana a zaurukan mutane, mun sha nonon Fulani a rugage, mun gina wa mai hali mun gina wa talaka. Kada in yi ƙarya, tsoron bai tafi a ranar ba. Duk rumbun da aka zura ni sai gabana ya faɗi, sai dai na riga na san abin da ke bayan faɗuwar gaban. Haka na yi ta shiga har kafaɗuna suka hana, na koma mai ƙwanƙwasawa daga waje.

Yau a Bodinga nake zaune, bulo da siminti nake aza wa mutane, don su ake nema. Hatsi ya koma buhu, buhu ya koma shago mai rufin kwano. Sai a daɗe ba a kira ni ginin rumbu ba, in an kira kuwa har rasa yaron da zai shiga nake yi. Kaka ta rasu, babanmu ya rasu, Baba Tunau ma ya daɗe a ƙasa, Allah Ya jiƙansu. Amma rumbun yana nan a gidanmu, Bube ke zuba hatsi a ciki. Bara bayan girbi na je da 'yar autata Nana, aka ce a ɗebo hatsi, ta ce ita za ta shiga. Na riƙe igiya. Bube, da furfurarsa da komai, ya sauko da murfin har ƙasa ya zauna a kai. Rumbun a cike yake, don haka tana tsaye kanta ya kai kafaɗar rumbun. Can sai na ga ta haska fitilar waya, na ji tana cewa, "Baba, ga hannun wani yaro nan! Na aza nau, daidai da nau. Amma yatsun duk sun karkace." Na ce mata rawa hannun yake yi lokacin da aka aza shi. Ta tambaya na wane ne, sai Bube ya ce mata na babanta ne.

Ni kam ba zan ƙara ganinsa ba, bakin rumbun ya daɗe da yi mini kaɗan. Ina dai tsaye a kan tsani da igiya a hannu, ina jin ƙanshin tsohuwar laka yana tasowa, ina kewar mutanen da suka tsaya shiru a tsakar gidan nan suna jiran in ce a rufe. Da rawa hannun ya liƙe wurin, amma har yau ruwa bai shiga ta nan ba.